Mainasara, Mai Amsa Wa Gari

Kwanakin baya wani ɗan ƙanena da ya yi boko a Kano ya zo mana hutu nan Magariya. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, ya shiga koya mini Ingilishi ba tare da na roƙe shi ba. Wai Turawan Ingila suna da kalma guda ta amsawa wadda suke labta wa kaya kamar jakin haya: da ita ake mayar da magana, da ita ake tashi a buɗe wa mai bugun ƙofa, da ita ake warware lissafi, da ita kuma mai laifi ke tsayawa gaban alƙali ya ɗauki nauyin abin da ya aikata. Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu, shi a dole ya zo mini da abin mamaki. Na bari ya gama, sannan na ce ya huta da wahala. Mu a danginmu mutum guda muka yi da ya haɗa duk waɗannan ayyuka a bakinsa, in ka cire lissafi. Ya ce wane ne. Na ce kakansa ne Mainasara, kuma kada ya yi saurin murna, ba abin tinƙaho ba ne.

Mainasara kawuna ne, wan mahaifiyata Ɗela, ciki ɗaya. An haife su a Rijiyar Ari, wani ɗan ƙauye tsakanin Dogo-Dogo da Dungas, wanda in ka bar shi da hantsi ka yi kudu, kafin rana ta faɗi ka tsallaka iyaka kana ƙasar da Ingilishi ke mulki. Ni na riske shi ya tsufa, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, yana yini a kasuwar Magariya gefen masu goro, yana amsa abin da ba shi aka tambaya ba. A yi atishawa a rumfa ta uku, shi zai yi addu'a. A yi wa mai tebur sallama, kafin mai tebur ya haɗiye yawu Mainasara ya amsa har ya tambayi mutanen gida. 'Yan kasuwa dariya yake ba su, suna gutsura masa goro, suna cewa tsohon nan akwai faran-faran. Ni ban taɓa yi masa dariya ba. Na tashi na ga mahaifiyata in an ambaci sunansa sai ta tofar da yawu gefe ta ci gaba da abin da take yi. Da na yi wayo ta gaya mini dalili, sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Sauran na tsinta a bakin tsofaffin ƙauyen.

Sun ce tun yana rarrafe kalmar da ya fara koya ita ce "to". Je ka ɗebo ruwa, to. Kai wa babanka fura gona, to. Kore awaki daga cikin wake, to. Sai rana ta take a same shi gindin gawo yana wasa da ƙasa, tulu a bushe, fura ta yi tsami, awaki sun yi hani'an. Kakata takan ce "to" ɗin Mainasara ba shi da ƙafafu, inda aka haife shi nan yake mutuwa. Ba ya musu, ba ya ɓata rai, ba a taɓa jin "a'a" ta fito daga bakinsa ba. Shi ya sa ko dukansa ke da wuya. Ina za ka sami zuciyar dukan yaron da ya riga ya yarda da duk abin da ka faɗa?

Da ya zama saurayi tsaransa suka kama hauya, shi kuwa ya bi wani makaɗin gayya ya zama ɗan amshi. Nan baiwarsa ta fito, in baiwa ce. Makaɗi bai gama ajiye baiti ba Mainasara ya cafe, da murya mai zaƙi kamar an jiƙa ta da zuma. Yau a wasa wani manomi a ce shi ne gagarau, Mainasara ya amsa. Gobe mutumin ya hana goro a yi masa zambo, Mainasara ya amsa da zaƙin jiya, ko ɗigo bai ragu ba. Akwai ranar da makaɗin ya ga kakana, wato uban Mainasara, ya tsaya yana dafe ƙugu a tsakiyar kunya saboda tsufa, ya jefa masa habaici cewa wasu sun zo gayya ne don tuwo. 'Yan amshi suka yi ƙasa da murya don kunya. Murya ɗaya ce ta tashi sama ta cika gonar, kuma kakana ya san ta, don shi ya yi mata huɗuba. Ya saɓa hauyarsa ya koma gida bai ci tuwon ba.

A lokacin maigarin Rijiyar Ari wani ne Dalhatu, mutum mai ƙaton rawani da ƙaramar zuciya. Ya taɓa zuwa wata babbar fada ya ga yadda ake yi: mai sarauta ba ya amsa gaisuwa da bakinsa, talaka ya faɗi ya yi gaisuwa, wani bafade a gefe ya ce an gaishe ka. Abin ya shiga ran Dalhatu ya hana shi sukuni. Ƙauyen da zakara ɗaya ke tashin kowa da asuba, wai shi ma sai an amsa masa. Ya duba gari kaf, ya ga ba wanda Allah ya halitta don wannan aiki kamar Mainasara. Ya ba shi tsohuwar riga da izinin suɗin akushi, shi ke nan aka ƙulla.

Da fari gaisuwa ce kawai. "Maigari ya gaishe ka." "Maigari ya ji." "Maigari ya gode." Sannu a hankali abin ya yaɗu kamar kabewa. A kawo ƙarar shanu sun shiga gona, Mainasara ya ce maigari ya ji, za a duba. A zo neman filin gini, ya ce maigari ya ji, za a duba. Ba a taɓa dubawa ba, amma kowa na tashi da sanyin zuciya, don an amsa masa da daɗi. Har aka kai yara suna girma ba su san muryar Dalhatu ba, sai tarinsa. Da baƙi suka fara zuwa daga wajen hukuma, bakin da ke amsa wa maigari ya zama shi ke amsa wa gari duka. Mainasara ya koyi Faransanci kalma biyu, "wi, kumandan", wato "to, kumandan", kuma da su ya yi aikin da wani ba zai yi da kalma dubu ba.

Sai yaƙin Turawa na biyu ya zo, aka shiga ɗibar samari soja. Cikin waɗanda aka ɗauka a ƙauyen har da mahaifina Isufu, lokacin bai daɗe da auren mahaifiyata ba, suna da 'ya ɗaya, Nafi, wadda ba ta daɗe da yaye ba. Ita ce yayata, ban taɓa ganinta ba. An ce ranar tafiya mai ɗibar sojan ya tambaya ko gari ya ba da 'ya'yansa da daɗin rai, mata na kuka a bayan danga, Mainasara ya ce da ma a ƙara. Ɗela ta zauna ita kaɗai da goyo da gonar miji. Ta noma ta da hannunta, Nafi a baya, kuma Allah ya ba ta abin da zai kai su wata damina in an yi tattali.

Ba a bar ta ta yi tattalin ba. A kakar nan umarni ya zo daga kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, cewa kowane ƙauye ya gina rumbun tsimi, kowane gida ya zuba rabonsa na hatsi, a liƙe bakin da laka a danna hatimi, kada kowa ya buɗe sai da izininsa ranar da yunwa ta zo. A faɗe abin ba laifi. Amma aka ce sai an sussuke hatsin an zuba tsaba, don a ji daɗin aunawa, alhali kowa a ƙasar nan ya san hatsi a zangarniyarsa yake daɗewa. Ga ginin an yi shi cikin gaggawa, lakar ba ta gama bushewa ba. Dattawa suka yi ta gunaguni a masallaci. Ranar liƙewa kumandan ya sa tafinta ya tambaya ko hatsin zai zauna lafiya. Dattawa suka dubi juna, wani har ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki Mainasara ya ce zai shekara bakwai kamar yau aka zuba shi. Aka danna hatimi, da gumin Ɗela a ciki.

Damina ta gaba ruwa ya ɗauke hatsi na cikin bununi bai yi ƙwaya ba, abin da ya tsira fara ta bi ta kansa. Kafin tsakiyar rani rumbunan gidaje sun koma wurin kwanan kaji, kajin ma aka cinye su. Mutane suka koma kan dusa da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciyu. Mata suna tona gidan tururuwa suna kwashe abin da ta tara. Duk wannan ana yi rumbun tsimi na tsaye a tsakiyar gari kusa da rijiya, cike, bakinsa a liƙe. Mahaifiyata ta ce in ta je ɗibar ruwa takan dafa bangonsa da tafin hannu, ta tsaya jim, sannan ta wuce. Abincin 'yarta na bayan taƙi ɗaya na laka, kuma kalma ɗaya daga bakin kumandan ta isa a fasa.

Ana haka Habu, ƙanin mahaifina, ya iso da jakuna biyu. Shi fatauci yake yi, zaune yake wajen Ɓaɓura a ƙasar Ingilishi inda uwarsu take. Da ya ga Nafi ko wasan ƙanin miji bai iya yi ba.

"Yaya Ɗela, ɗaura kayanki," in ji shi. "Inna ta ce kada in koma ba ke. Can ma ba daɗi ake ji ba, amma akwai dawa a kasuwa, akwai rogo. Yarinyar nan ba za ta kai damina a nan ba."

Mutane da yawa sun riga sun tsallaka. Amma wanda ya tsallaka ya bar gonarsa, ya bar rabonsa na rumbu, kuma Ɗela na tunanin ranar da Isufu zai dawo ya tarar da kango. Ga shi an ce kumandan na tafe rangadi cikin 'yan kwanaki. Ta ce wa Habu ya ba ta zuwa la'asar. Ta goya Nafi ta tafi ƙofar Dalhatu, ta sami wanta zaune a kan buzu yana sakace haƙori. Shi kaɗai a tsaransa kumatunsa ba su faɗa ba, albarkacin akushi.

"Yaya, an ce kumandan na tafe."

"Yana tafe."

"In ya tambaya, za ka gaya masa halin da muke ciki? Za ka ce a buɗe rumbu?"

"To."

"Ba 'to' nake so ba, Yaya. Na san 'to' ɗinka tun ina goye. Dubi nan."

Ta kwance goyo ta ajiye masa yarinyar a gabansa. Ƙafafu kamar kara, ciki a kumbure, gashi ya yi ja ya kwanta. Nafi ta dube shi ta ce "Kawu", don tana son sa, yakan yi mata waƙa.

"Haba Ɗela," in ji shi. "Jinina ce fa. Bakin wa ke magana gaban kumandan in ba nawa ba? Zauna abinki. Ki bar gonar mijinki ki tafi ƙasar wasu kina bara, ina raye? Ranar da ya zo, a ranar za ki ɗora tukunya."

Ta san shi sarai. Amma ta ce a ranta naka naka ne, kuma mutumin da ya ga wannan yarinya da idonsa ba zai iya cewa komai ba sai gaskiya. Ta koma ta sallami Habu. Ya roƙe ta har ya gaji, ya juye mata ɗan garin rogon guzurinsa, ya kora jakunansa ya yi kudu.

Ana gobe kumandan zai zo aka share gari fes. Dalhatu ya san abin da ke jiran maigarin da aka ce ƙauyensa na watsewa: rawani ne zai tashi. Don haka aka bi gida gida ana cewa duk wanda ya rame da yawa ya zauna a ɗaka, kada ya fito ya ba gari kunya. Aka jera iyalin maigari a sahun gaba, an shafa musu mai. Har ƙwai aka samo da ƙwaryar nono don tarbar baƙo, kuma har yau ban san daga bakin wane yaro aka fizge su ba.

Kumandan ya iso da hantsi a kan doki, da gardi-sarki, dogaran hukuma masu jar hula, da tafintansa, wani mutumin bakin teku mai Hausar kasuwa. Aka kafa masa kujera gindin tsamiya, rumbun na kallon sa. Ya sa aka tambayi lafiyar gari, Mainasara ya ce lafiya lau. Aka tambayi hatsin rumbu, ya ce yana nan kamar amarya a ɗaki. Sai Baturen ya yi tambayar da kowa ke jira, kuma ya yi ta a fili ba kwana-kwana, don ya ga gonaki a hanya: akwai yunwa a garin nan?

Mainasara ya gyara riga ya durƙusa.

"Allah ya ba zaki nasara. A inuwar kumandan, ina yunwa za ta sami wurin zama?"

Maganar ta yi wa tafinta daɗi, ya juya ta da ado, Baturen ya gyaɗa kai. Da ma amsar da yake so ke nan, don mai rahoton yunwa aiki yake jawo wa kansa. Ya fara neman hularsa.

Ɗela na bayan danga, cikin waɗanda aka ce kada su fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ture dangar ta fito, macen da ba ta taɓa ɗaga murya gaban maza ba, ta ɗaga Nafi sama da hannu biyu.

"Ku buɗe mana rumbu! Hatsina ne a ciki, ni na noma shi! Ga 'yata, ku dube ta!"

Wani gardi ya tare ta da bulala tun daga nesa. Tana kuka, maganar na fita a kakkarye. Kumandan ya ɗaga kai ya tambayi me matar ke cewa. Tafinta, ko bai ji ba ko bai so ya ji ba, Allah ne masani, ya juya wajen Mainasara kamar yadda ya saba. Mainasara ya dubi Dalhatu, Dalhatu ya dubi ƙasa. Mainasara ya dubi ƙanwarsa da 'yar da ke kiran sa kawu. Sai ya yi murmushin nan nasa na ɗan amshi.

"Ƙanwata ce, ranka ya daɗe. Mijinta na soja wajenku. Godiya take yi."

Baturen ya ji daɗi ƙwarai. Ya laluba aljihu ya ciro ƙwayar sukari guda, ya ba gardi ya kai wa yarinyar sojan Faransa. Mahaifiyata ta ce ta karɓa ta sa wa Nafi a baki, don yunwa ba ta san zuciya ba. Aka kawo doki, baƙo ya hau, Mainasara na biye yana yi masa kirari har bakin gari.

Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Da tsoro ne ya kama shi ya yi shiru, da na ce ɗan Adam ne. Da wani abu aka ba shi ya sayar da su, da na ce mugu ne, mugu kuwa ana sanin inda za a ajiye shi. Amma shi ba ko ɗaya. Ba a yi masa barazana ba, ba a yi masa alkawari ba. Babba ya yi tambaya, bakinsa ya ba da amsa mai daɗi, kamar yadda kare ke kaɗa wutsiya. Da la'asar Ɗela ta same shi, bai ma ga abin da ya yi ba.

"Ke ba ki san fada ba," in ji shi. "Ba a tarbar babba da mummunan labari gaban jama'a. Yanzu ga shi ya san ki, ya san 'yarki. In ya dawo sai a shigar da maganar a hankali."

A rangadin nan kumandan ya biya wani ƙauye gaba da su, inda maigarin tsoho ne kurma, ba shi da mai amsa masa. Aka tambaye shi lafiyar gari, ya ce yunwa, aka sake tambaya, ya ce yunwa. A ranar aka fasa musu rumbu, suka sami hatsin da ya fara taɓuwa amma yana ciyuwa. Labari ya iso Rijiyar Ari, mutane suka yi ta haɗiyar yawu. Ɗela kuwa hanyar kudu ta rufe mata. Habu ya tafi da jakunan, garin rogo ya ƙare, ita kanta ba ta da ƙarfin da za ta yi yini tana tafiya da goyo cikin zafin bazara. Ta zauna tana jiƙa anza, Nafi na kauda kai saboda ɗaci.

Sai da ruwan fari ya sauka, aka rasa irin shuka a ƙasar duka, sannan kumandan ya dawo da kansa a buɗe rumbu a raba iri. Gari ya taru, wannan karon ba wanda ya iya ɓoye kowa. Gardi ya sa gatari ya fasa lakar. Wari ne ya fara fitowa, irin na rijiyar da akuya ta mutu a ciki, har na gaba suka ja da baya suna toshe hanci. Gara ta shigo ta ƙasa ta yi gini har rabi. Ruwa ya bi tsagar rufi ya jiƙa na sama, ya dunƙule ya yi baƙi. Abin da ke tsakiya ƙwari sun mai da shi gari, yana motsi da kansa. Wata tsohuwa ta sa hannu ta damƙo, ta buɗe tafinta, iska ta kwashe.

Fuskar Baturen ta yi jawur. Ya dubi rumbun, ya dubi mutanen da ke tsaye kamar itacen danga, ya shiga faɗa tafinta na binsa da ƙyar. Wa ya gaya masa hatsin zai shekara bakwai? Wa ya ce masa yana nan lafiya? Wa ya ce ba yunwa a garin nan? Ya nuna Dalhatu da bulala.

A ranar yaran Rijiyar Ari suka fara jin muryar maigarinsu. Siririya ce, ashe.

"Ranka ya daɗe, a tambayi jama'a. Ni ban taɓa buɗe baki na gaya maka komai ba."

Kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Gari duka shaida ne. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Aka sa wa Mainasara igiya a ƙugu aka ɗaura a sirdin gardi. Tafinta ya tambaye shi ko ya yarda shi ya yaudari hukuma, ya ce wi, kumandan, har da ɗan rusunawa. Aka ja shi zuwa kaso a Magariya, ba wanda ya raka shi ko da ido. Kafin kasuwa ta zagayo Dalhatu ya sami wani mai amsa masa gaisuwa.

An aiko da ɗan hatsi daga wani wuri bayan 'yan kwanaki. Ɗela ta sami rabonta ta dama kunu, amma cikin Nafi ya riga ya daina karɓar abinci. Abin da aka ɗura mata ya dawo. Ta rasu da hantsi, ranar da mutane suka fita shuka, aka rufe ta a maƙabartar da ke bayan gawunan gabas. Maza uku ne kawai suka sami ƙarfin haƙa.

Mainasara ya yi damina da kaka yana ɗaukar ƙasar gyaran hanya. An ce ko a can bai huta ba, in ana kiran suna da safe yakan amsa wa wanda bai farka ba. Ba wanda ya kai masa labarin gida, don ba wanda ya je. Da sanyi ya shigo aka sake shi, ya tako da ƙafa har Rijiyar Ari, ya zarce gidan ƙanwarsa, don nan kaɗai yake sa ran ruwa. Ya tarar da ita tsakar gida tana dakan sabon hatsi. Ya yi sallama, ta amsa, don amsa sallama wajibi ne.

"Ɗela, ina kwana?"

"Lafiya."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

Ya zauna a kan wani turmi da ke kife, yana murza ƙafa, yana waige-waige. Ya leƙa ƙofar ɗaki, ya dubi bayan rumbu.

"Ina Nafi? Ban ji motsinta ba."

Ɗela ta tsayar da taɓarya. Ta nuna gabas da haɓa, wajen gawunan, inda duk ɗan garin ya san abin da ke can.

"Tana can," in ji ta. "Godiya take yi."

Kafin kunnensa ya kai maganar zuciya, baki ya riga ya yi aikinsa.

"To, madalla," in ji Mainasara.

Mahaifiyata ta ce daga baya ya saki baki yana kallon gabas. Ko ya gane ko bai gane ba, ba ta tsaya dubawa ba. Ta ɗaga taɓaryarta ta ci gaba da daka. Ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan, kuma sallamar da ta amsa masa a safiyar nan ita ce ta ƙarshe.